Basasar Kano: naɗin sarautar da ya mai da ƴaƴa bayi



A yau in an ce yaƙin basasa, kowa ya san ana nufin yaƙin da ƴan ƙasa guda ke yi da junansu, irin wanda aka yi a Nijeriya daga 1967 zuwa 1970. Amma a Kano, in masu ba da tarihi suka ce "Basasa" ba su ƙara kome ba, to abu guda suke nufi, watau faɗan da aka yi tsakanin jikokin Sarki Ibrahim Dabo daga ƙarshen 1893 zuwa farkon 1895, a kan wanda zai hau gadon sarauta. Yaƙin bai cika shekara ɗaya da rabi ba, amma ya ci garuruwa, ya raba gidaje, ya kuma jefa ƴaƴan musulmi masu yawa cikin bauta.

Kada mutumin Madawa, ko na Buza, ko na Keita ya ce ina ruwansa da rigimar Kanawa. A wancan zamani babu wannan iyaka da muke gani yanzu. Ayarin Kel Geres na ƙasar nan su kan ɗauko gishiri su gangara da shi kasuwannin Hausa, su komo da hatsi da tufafi. Baƙin rawanin nan mai sheƙi da Abzinawa ke ji da shi, a marinar ƙasar Kano ake rina shi, tun ba garin Kura ba. Abin da ya taɓa kasuwar Kurmi ya taɓa Adar da Gobir. Ban da wannan ma, tushen maganar a ƙasarmu yake, kuma sarkin da ya ci wannan yaƙi a ƙasarmu aka kama shi daga baya.

Daga Marata zuwa Gimbana

A Marata aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin 1754. Marata kuwa tana kusa da Galmi, tsakanin Madawa da Ƙwanni. Cikin laifuffukan da Shehu da jama'arsa suka riƙa ɗora wa sarakunan Hausa, har da kama ɗa musulmi a sayar da shi. Wannan ba sabuwar magana ba ce ga malamai. Tun cikin 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawa a kan wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin musulmin da ba a mallakarsu.

Abin da ya tunzura jihadi ma irin wannan ne. Dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, suka kamo mutane suka ɗaure. Da suka zo wucewa da su kusa da Ɗagel, sai jama'ar Shehu suka tare su suka kwance kamammun. Daga nan zama ya ƙi daɗi, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804, yaƙi ya tashi.

To, amma jihadi bai hana bauta ba. Iyaka ya shata mata: musulmi ɗa ba ya bautuwa, wanda aka kamo daga ƙasar da ba ta musulunta ba kuwa ganima ne. Da daula ta kafu, yaƙe-yaƙen kan iyaka suka yawaita, sai bayi suka ƙaru fiye da da. Ku riƙe wannan iyaka da aka shata, domin ita ce Basasa za ta tsallake bayan shekara 90.

Bawan gandu da bawan sarki

Kano ita ce ta fi kowace ƙasa arziki cikin daular Sakkwato. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka birnin cikin 1851. Ya ƙiyasta mazaunansa sun kai 30.000, kuma ya ce bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara za su kai 5.000, ban da waɗanda ake riƙewa a cikin ƙasa, da suka fi haka yawa. Su ne ke noma a gandayen sarki da rinjin masu sarauta da na attajirai. Dawa da gero, auduga da baba, akwai guminsu a ciki. Bawa kuma kuɗi ne. Wuri yana da nauyi, ba ya ɗaukuwa zuwa nesa, saboda haka mai doguwar tafiya ya kan riƙe bayi ya riƙa sayarwa a hanya, da su kuma ake kai gaisuwa Sakkwato tare da dawaki da riguna.

Akwai kuma wasu bayi da ba su riƙe fartanya, su ne bayin sarki. Lokacin da Ibrahim Dabo ya hau sarauta cikin 1819, manyan gidajen Fulani da suka yi jihadi ba su duka suka yi masa mubaya'a da zuciya ɗaya ba, sai da ya sha yaƙi kafin ya zauna. Don haka ya farfaɗo da sarautun bayi na zamanin Haɓe. Manyansu uku ne: Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama. A hannun irin waɗannan bayi barga take, da rumbuna, da gandaye, da makamai, da ƙofar shiga wurin sarki. Hakimi da rawaninsa sai ya bi ta hannun bawa kafin maganarsa ta isa ciki. Ƴaƴansu da aka haifa a gidan sarki, watau cucanawa, su kan tashi tare da ƴaƴan sarki, su san sirrin fada ciki da bai.

Dabarar a fili take. Ɗan'uwan sarki yana iya neman gadonsa, bawa kuwa ba ya zama sarki ko ya tara dawaki dubu, saboda haka sarki ya fi sakin jiki da bawansa bisa ga ƙanensa. Amma dabarar tana da wutsiya. Bawan sarki ba shi da dangin da zai koma wurinsu. Rawaninsa, da gonakinsa, da dawakinsa, da nasa bayin, duk a wuyan ubangijinsa suke rataye. Ran da sarauta ta bar ɗakin ubangijinsa, shi ma ya tashi a tutar babu. Ɗan sarki in ya rasa sarauta yana nan ɗan sarki. Bawan sarki in ya rasa ta, ya koma bawa kurum. Mutum irin wannan, ga shi kuma da makami a hannu, ba ya zama ɗan kallo ran naɗi.

Ɗaki biyu a gida ɗaya

Ƴaƴan Dabo uku suka yi sarauta bi da bi. Usman ya yi daga 1846 zuwa 1855. Sa'an nan Abdullahi, wanda ya shekara 27 bisa gado, ya rasu a Karofi cikin ƙasar Katsina kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, shi ya sa ake ce masa Maje Karofi. Bayansa aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello.

Shekara 27 ba kwana kaɗan ba ne. Abdullahi ya bar ƴaƴa masu yawan gaske, ya naɗa wasunsu sarautu, ya aurar da ƴaƴansa mata ga manyan gari, ya cika fada da bayinsa. Cikin ƴaƴansa wanda ya fi suna shi ne Yusufu, jarumi ne da ya taɓa riƙe sarautar Galadima, har uban nasa ya tuɓe shi saboda zargin da aka shiga tsakaninsu da shi. Ko da aka tuɓe shi bai rasa jama'a ba.

Da Bello ya hau, sai ya tarar da gida cike da mutanen wansa. Ya shiga tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, ƴaƴa da bayi, yana sa nasa. Ya naɗa ɗansa Tukur Galadima, kowa kuwa ya gane inda aka nufa. Masu tarihin Kano sun ce har matsa wa masu sarauta aka yi su saki ƴaƴan Abdullahi da suke aure, ko su rasa rawani. Fiye da shekara 10 ana wannan, har birni ya cika da tuɓaɓɓu, kowa na zaune a zaurensa yana jiran ranar da Bello zai kau. Ruwa ba ya tsami banza.

Naɗin Tukur

A ƙa'ida, in Sarkin Kano ya rasu, manyan masu zaɓen sarki, irin su Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, su kan duba cikin gidan sarauta su ba da shawara, Sarkin Musulmi ya tabbatar, Wazirin Sakkwato ya kawo takarda ya yi naɗi. Ba ƙuri'a ake jefawa ba, amma zaɓe ne, domin amfaninsa guda ne da na ƙuri'a: a fid da wanda jama'a za su iya bi, wanda bai samu ba kuma ya haƙura, don ya san gobe ma rana ce.

Sarkin Musulmi na lokacin shi ne Abdurrahman, wanda ya hau cikin 1891. Laƙabinsa Ɗanyen Kasko, kun kuwa san abin da Hausawa ke cewa, ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki. Mutum ne mai kafiya, ba ya son a mai da masa magana. Farkon sarautarsa ya ɗaura yaƙi da Argungu, inda Sarkin Kabi Sama'ila ya fatattaki rundunar Sakkwato. A wannan yaƙi Tukur, da ya jawo dakarun Kano, ya nuna jaruntaka ran da wasu suka juya da baya, abin ya zauna wa Sarkin Musulmi a rai.

Bello ya rasu cikin watan Nuwamba na 1893, Waziri Buhari kuwa yana Kano a lokacin. Waziri ya san gari, ya san inda zukatan mutane suka karkata, ya kuma san abin da naɗin Tukur zai haifar. Amma umurnin Sarkin Musulmi ne a naɗa Tukur, aka kuwa naɗa shi. Ba a ce Tukur rago ne ko jahili ba. Abin da ya ɓata naɗin shi ne an biya bashin Argungu da gadon Kano, ba a dubi Kanawa ba. Ga ɗakin Abdullahi kuma ma'anarsa a fili take: sarauta ta tashi daga uba ta koma kan ɗa, watau ta tafi ke nan, ba ta komowa. Haƙurin shekara 10 ya zama na har abada.

Ƴan kwanaki kaɗan Yusufu ya hau doki ya fita birni, ƴan'uwansa suka bi shi, tuɓaɓɓun masu sarauta suka bi, bayin Abdullahi da cucanawansu suka bi. Suka nufi kudu maso gabas suka sauka Takai. Daga ran nan Kano ta rabu biyu, Yusufawa da Tukurawa.

Daga Takai zuwa Tafashiya

Sakkwato ta ɗauki Yusufawa ƴan tawaye, aka aika wa sarakuna su taimaki Tukur. Yawancinsu suka yi ta jan ƙafa, domin kowane sarki ya ga abin da aka yi wa Kano ana iya yi wa gidansa gobe. Yusufawa kuwa suka nemi taimako har daga Gumel da Ningi, waɗanda ba su ƙarƙashin tutar Sakkwato, Ningi ma tsohuwar abokiyar gabar Kano ce. Garuruwan gabas da na kudu, irin su Gaya da Dutse, suka shiga hannunsu, wasu da yarda, wasu da takobi.

Harin farko da suka kai wa birni bai yi nasara ba. Tukur ya kama mutanensu da yawa ya sa aka karkashe su, ya bi waɗanda ake zargi a cikin gari. Wannan ya ƙara kore masa jama'a, domin kusan kowane gida na birni yana da ɗan'uwa a Takai.

Ana cikin haka, cikin 1894, Yusufu ya yi ciwo ya rasu a Garko. A nan ne ƙarfin bayin sarki ya fito sarari. Da ƴaƴan Abdullahi sun tsaya jayayya a kan wanda zai gaje shi, da tafiyar ta watse. Manyan bayi, da Shamaki Harisu a gabansu, suka tsaya a kan ƙanensa Aliyu. Zaɓen kuwa da hikima aka yi shi: uwar Aliyu ɗiyar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa ma ya ci. In an ci yaƙi, Sakkwato za ta fi samun sauƙin haɗiye jikanta bisa ga wani. Ku duba wannan al'amari: Sarkin Musulmi da Wazirinsa sun naɗa sarki bai zauna ba, bayi sun tsai da nasu a sansani ya zauna.

Da damanar 1894 Aliyu ya shiga Kano da yaƙi. Tukur ya fita ya koma Kamri, cikin ƙasar Katsina, yana jiran gudummawar da ba ta zo da ƙarfi ba. Cikin watan Maris na 1895 aka yi karon ƙarshe a Tafashiya, aka sari Tukur, ya rasu da wannan rauni. Daga baya Sarkin Musulmi ya amince da Aliyu, don ba shi da yadda zai yi.

Wannan shi ne labarin manya. Na talakawa ya fi shi ɗaci. Mayaƙin wancan zamani ba albashi ake ba shi ba, ganima ce ladansa, ganimar da ta fi kowace daraja kuwa mutum ce. Sarki mai neman mabiya dole ya bar su su kama, in ba haka ba su koma wurin abokin gabansa. To, yaƙin gida ba a ƙasar arna ake yin sa ba. Wanda za a kama ɗin manomin ƙasar Kano ne, mai salla da azumi, wanda laifinsa kaɗai shi ne dagacinsu ya bi wancan ɓangare. In garinku ya bi Tukur, Yusufawa su ci ku. In ya bi Yusufu, Tukurawa su ci ku. Gaba kura, baya sayaki. Shari'ar da malaman ɓangarorin biyu suka karanta ta ce ɗan tawaye musulmi ana yaƙarsa har ya komo, amma ba a bautar da shi, ba a mai da iyalinsa ganima. Duk da haka kowane ɓangare ya kama ya sayar. Mai dangi da hali a fanshe shi, marar gata a wuce da shi kasuwar nesa inda ba mai shaidarsa.

Wani Baturen Ingila, Robinson, ya sauka Kano a ƙarshen 1894, yaƙi bai ƙare ba, ya yi wata uku. Ya rubuta cewa a kan sami bayi wajen 500 a kasuwa ana sayarwa, kuma yana nan aka shigo da wajen 1.000 a karo guda daga wani hari. Abin da aka kwance mutane dominsa a kusa da Ɗagel, shi ne jikokin masu tuta suka yi da hannunsu.

Abin da ya biyo baya

Aliyu da ya zauna bai manta da waɗanda suka ɗora shi ba. Ya mai da wa bayin ubansa sarautunsu, ya ƙara musu ƙarfi, ya yawaita ƴan bindiga a hannunsu. Amma ƙasa ta riga ta jigata. Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya ga dama ta samu, ya riƙa kawo hari, har cikin 1898 dakarunsa suka kai kusa da birni. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Ingilishi suka ci Kano, Aliyu yana can wajen Sakkwato. A hanyar komowa ya rabu da rundunarsa ya yi arewa, an ce da shigar fataken gishiri. Gobirawa suka gane shi, aka tsare shi a Tsibiri kusa da Maraɗi, aka ba da shi ga Ingilishi. Suka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926. Amma abin da Yusufawa suka fita dominsa ya tabbata: tun daga Aliyu, duk wanda ya yi sarautar Kano daga zuriyar Abdullahi Maje Karofi ya fito.

Irin wannan a Amurka

Shekara 33 kafin naɗin Tukur, an yi wani zaɓe a Amurka da ya ƙare da yaƙi, shi ma da bauta a gindinsa. Yana da kyau a aza su kusa da juna, don a ga inda suka yi kama da inda suka rabu.

Ƙidayar 1860 ta nuna mutanen Amurka miliyan 31 ne, kusan miliyan 4 daga ciki bayi ne baƙar fata, suna noman auduga da taba da rake a jahohin kudu. In an yi wa bayin nan kuɗi, sun fi abin da aka zuba a hanyoyin jirgin ƙasa da masana'antun ƙasar gaba ɗaya. Gardamar da ta daɗe tana cin ƙasar ita ce, sababbin yankunan yamma da ake buɗewa, za a shiga da bayi cikinsu ko ba za a shiga ba? Jam'iyyar Dimokarat ta tsage biyu a kan wannan, ta kudu da ta arewa, har ƴan takara suka zama huɗu. Ran 6 ga Nuwamba 1860 Abraham Linkon na jam'iyyar Rifablikan ya ci. Ƙuri'un jama'a kashi 40 cikin 100 kaɗai ya samu, amma ya sami wakilan zaɓe 180 cikin 303. A jahohi 10 na kudu ko takardar ƙuri'arsa ba a raba ba.

Linkon bai ce zai ƴanta bayin kudu ba. Cewa ya yi bauta ba za ta ƙara faɗi ba. Masu bayi kuwa suka yi lissafi irin na mutanen Takai: in an yi shugaba ba da ƙuri'arsu ko ɗaya ba, kuma kowace sabuwar jaha za ta shigo ba bawa, to mulki ya bar hannunsu ke nan, ba ya komowa. Tun Linkon bai kama aiki ba, Karolina ta Kudu ta ɓalle ran 20 ga Disamba 1860, wasu shida suka bi ta, daga baya suka cika 11. Ran 12 ga Afrilu 1861 aka buɗe wuta a kan sansanin Samta. Aka shekara huɗu ana yaƙi, sojan da suka mutu sun haura 600.000.

Kamar da ke tsakaninsu ke nan. A wuraren biyu akwai masu ƙarfi da arzikinsu da girmansu duk suka rataya ga bauta, a Amurka iyayengijin bayi, a Kano bayin sarki da mayaƙa masu cin ganima. A wuraren biyu kuma waɗanda suka rasa sun ga ba faɗuwar yau kaɗai ba ce, ƙofa ce aka rufe. Amma akwai bambanci a wajen gaskiya. Zaɓen Linkon bisa dokar ƙasarsu aka yi shi, waɗanda suka faɗi ne suka ƙi haƙuri. Naɗin Tukur kuwa daga sama aka ɗora shi, ba a nemi yardar masu gari ba.

Babban bambanci yana wajen bayin kansu. A Amurka bauta ita ce abin gardama, akwai jaridu da majami'u da ƴantattun bayi da suka shekara da shekaru suna cewa haramun ce. Don haka da yaƙi ya yi tsawo sai ya juya a kanta. Ran 1 ga Janairu 1863 Linkon ya yi shelar ƴanta bayin jahohin da suka yi tawaye, baƙar fata wajen 180.000 suka shiga sojan arewa, cikin Disamba 1865 aka rubuta hana bauta cikin tsarin mulki, bayan an harbe Linkon ɗin cikin Afrilu. A Kano kuwa babu ɓangaren da ya ɗaga tuta don bawan gandu. Yusufawa da Tukurawa sun saɓa a kan wanda zai mallaki gandayen ne, ba a kan a sallami masu noma su ba. Yaƙin Amurka ya ƙare bayi sun fita, Basasar Kano ta ƙare bayi sun ƙaru.

Hani a takarda

Da yake ba daga cikin gida aka kashe bauta a ƙasashenmu ba, sai baƙi suka zo suka hana ta a takarda, su ma da rabin zuciya, domin suna bukatar sarakuna da masu bayi wajen karɓar haraji da aikin tilas. Ingilishi suka rufe kasuwar bayi ta Kano cikin 1903, suka ce duk yaron da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba su soke bauta ɗungum a arewacin Nijeriya ba sai 1936. Ikon bayin sarki a mulkin Kano an karya shi wajen 1926, ko da yake sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ba su ɓace ba.

A wajenmu, Faransawa sun karya ƙarfin Kel Geres a Galma, kusa da Madawa, cikin 1901, sa'an nan dokar 12 ga Disamba 1905 ta hana saye da sayar da mutum a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. Kasuwa ta mutu, amma a rugage da ƙauyuka da yawa na Adar bawa ya ci gaba da kiwo da daka da ɗiban ruwa ga ubangijinsa, da sunan al'ada. Sai cikin 2003 dokar Nijar ta mai da bautar da mutum babban laifi, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan faɗi-tashin ƙungiyar Timidriya da aka kafa cikin 1991.

Ko bayan dokar, sai da aka je gaban alƙali. Hadijatu Mani, wadda aka sayar cikin 1996 a kan jika 240 tana da shekara 12, aka kai ta wani gida a ƙasar Ƙwanni a matsayin wahaya, ta kai ƙara kotun CEDEAO. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce hukuma ba ta kare ta ba, ta yanke a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Cikin 2014 kuma, a Birnin Ƙwanni, aka yanke wa wani mutum ɗaurin shekara huɗu saboda ya ajiye wahaya, shi ne karo na farko da aka ɗaure wani a kan wannan laifi a ƙasar nan.